Ajin Farko a Bakin Gulbi

Ku zauna, ɗiyana, tabarma ta ishe mu. Kai Nasiru, na ji abin da kake faɗa wa abokanka tun daga zaure, wai direkta, shugaban makarantarku, ya rena ka da ya ba ka ajin farko, ajin waƙa da tafi, kai da ka fito jami'a. Gwiwata ce ta tsufa, kunnena yana nan. To ni Saude a ajin nan na yi furfura, kuma kada wani ya ce muku yana da sauƙi. Yaron aji shida an riga an sassaƙa shi, gyara kawai ake yi. Na ajin farko ɗanyen icce ne. Jiya anka sauke shi daga bayan uwarsa. Wani ya zo da Dandanci, wani da Fillanci, wani da Hausarmu, ba mai kalma guda ta Faransanci, kuma rabinsu kuka suke yi.

Ni ba gwamnati ta fara ɗaukata ba. Shekarun nan ne da anka komo mulkin zaɓe, aljihun ƙasa ya bushe, anka daina ɗaukar sabbin malamai. Ga lakwal, wato makarantar boko, ga yara, ba mai koyarwa. Sai iyaye sunka shiga neman duk wanda ya ɗan yi nisa a karatu su ɗauke shi da kansu. Ni na tsaya a kwaleji, ina taya babana tsaron rumfar albasa a babbar kasuwar Malanbil. Wata ranar kasuwa wasu dattawa daga wani ƙauye na yankin Madekali sunka kawo shinkafa, sunka ji ina amsa ma wani direban kudu da Faransanci. Ba su ce mini komi ba, babana sunka ja gefe. Ya ce musu, "In za ta zauna gidan gwaggonta da ke aure can, na yarda." Haka na hau bayan babur da ƙullin kayana.

Direktan wurin Mushe Kojo ne, Mushe kamar yadda ake kiran malami namiji da Faransanci, mutumin bakin teku, siriri, ba ya jin Dandanci balle Hausa. Shi kaɗai ne malamin gwamnati a garin, yana riƙe da aji uku cikin ɗaki guda na laka. Nawa ajin rumfar zana ce, wadda iyaye ke sake kafawa duk bayan damina. Yara na zaune kan guntayen bulo, awaki na leƙo mu ta ɓarakar zana.

Aikin da ya fara ba ni ba koyarwa ba ne, gyaran allo ne. Ya sa na daka gawayi har ya yi laushi kamar kwalli, na kwaɓa shi da ƙaro da ruwa kaɗan, na shafe katakon, ya bushe, na sake shafawa. A inuwa ake shanya shi, in rana ta buge shi fashewa yake yi. Daga nan ya kawo igiya ya goga mata alli, ni na riƙe baki ɗaya shi ɗaya, ya ɗaga tsakiyarta ya saki. Sai ga layi miƙe sambal a kan allo. Ya ce, "Madam Saude, abin da yaro ya gani a allonki shi zai zuba a nasa. In layinki ya karkace, hannunsa ya karkace ke nan har ya bar lakwal."

Alli kuwa a lokacin tsada gare shi kamar magani. Guntun da ya ƙi kamuwa da yatsa ba a yar da shi, sai a tsaga bakin kara a soke shi a ci gaba da rubutu. Kayan lissafinmu tsinken kara ne da marafen kwalba da ƙwallon dabino, kowane yaro da ɗan ƙunshinsa. Kuma darasin farko a ajin farko ba "a" ba ne. Darasin farko shi ne yaro ya daina tofa yawu a allonsa yana gogewa da riga, ya san tsumma, ya san ɗaga hannu, ya san inda ake zagayawa. Wanda ya tsallake wannan ya yi gaggawar kai wa ga haruffa, zai dawo ya yi shi a tsakiyar shekara da ɓacin rai.

Mushe Kojo yakan bar nasa ajin da aiki ya zo ya tsaya bayan rumfata, hannu a baya. Ba ya gyara ni gaban yara. Sai an tashi ya ce, "Yau kin yi magana da yawa. Su nawa sunka buɗe baki?" Ko ya ce, "Yaron can na ƙarshe tun safe bai ga allo ba, kan na gabansa yake kallo." Shekara biyu ina cikin wannan kafin ya daina zuwa. Ranar da na waiga ban gan shi ba, na san na fara iyawa.

Kowace sana'a da masu cinikinta, namu iyaye ne. Su ke biyana, kuma abin da Allah ya hore shi ne albashi: wani wata shinkafa, wani wata busasshen kifi, wani wata sai addu'a. Lokacin dashen albasa aji yakan rage rabi. Na koyi bin gonaki da yamma. Ba a tarar da uba a ce masa ya yi laifi. Ka gaishe shi, ka tambayi ruwa, ka yaba shuka, ka karɓi abin da anka miƙo maka ka sha. Can wajen tashi ka ce, "Af, Sani kwana biyu ban gan shi ba, ga shi ya fara haɗa baƙi." Gobe za ka gan shi. Wani Bafillace ya taɓa ce mini, "Malama, ɗa biyu gare ni, shanu na son guda. Zaɓi." Na zaɓi ƙaramin, na roƙi babban ran da ba kiwo mai nisa.

Muna cikin haka gwamnati ta waiwaye mu, kuma ni ba ni cikin masu cewa ba a yi komi ba, don idona ya gani. Da farko anka soke kuɗin lakwal, gwamnati ta ce ita za ta riƙa ba kowace makaranta tallafi. Yakan makara, wani lokaci sai shekara ta yi nisa, amma yana zuwa. Ranar da na ga alli kwali kan kwali da gwangwanin fentin allo a ofishin direkta, na daɗe tsaye ina kallo. Bayan nan magina sunka zo da siminti da kwano. Dattawa na son a gina kusa da gari, Mushe Kojo ya kafe sai kan tudu, ko da yara za su ƙara tafiya. Anka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe sunka bar masa. Sannan anka bi mu, mu malaman iyaye, anka maishe mu na gwamnati, duk hutu mu tafi Kandi a ƙara mana sani. Abin da ya biyo baya kun san shi: yara sunka kwararo kamar an buɗe madatsa, bencin mutum biyu ya ɗauki huɗu.

Cikin wanga taro ne Balki ta zo. Babanta, Hamani, masunci ne, ya kawo ta riƙe da hannu bayan kowa ya watse daga rubuta suna. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, Allah ya tashe ta, amma kunnen ya tafi. Saura ƴan kalmomi a bakinta da ta riƙe tun kafin ciwon.

Ya ce, "Malama, an ce yanzu ba a korar kowa."

Na ce, "Haka ne, Baban Balki."

"To ga ta. Ban ce ki koya mata komi ba. Ta dai zauna cikin yara. Uwarta na tsoron bakin gulbi, ko an ƙwala mata kira ba ta ji."

Na je na samu direkta. Ya saurare ni, ya ce, "Takardar gwamnati ta ce kowane yaro a karɓe shi. Ba ta faɗi yadda za a yi ba. Wannan ni da ke ne."

Wurin zama na fara gyarawa. Na sa ta a benci na gaba, taga a bayanta, don haske ya faɗo a fuskata ba a idonta ba. Na hana kaina magana ina fuskantar allo, abin da ya fi komi wuya, don baki ya saba. In rubuta, in juyo, sannan in faɗa. Na samo madubin babur da ya karye, mu duba tare, ta ga bakina ta ga nata. Ina ɗora hannunta a maƙogwarona ta ji rawar murya, sannan ta ɗora a nata. Bambancin "p" da "b" kuwa da auduga munka raba shi: a riƙe ɗan ɓarin auduga gaban baki, harafin da ya kaɗa ta shi ne "p". Kalma kuma ba na rubuta ta sai da abinta a hannu. Ranar kifi na zo da kifi, ranar albasa na zo da albasa. Ranar jaki dai fita munka yi waje.

Abin da ban zata ba, sauran yaran ne sunka fi cin riba. Shekarar nan kafin hutun farko yawancinsu sun fara haɗa baƙi, abin da ban taɓa samu ba. Sai na gane cewa a Faransanci dukansu kurame ne, ni ce ban lura ba tsawon shekarun nan. Su kuma yaran sunka ƙirƙiro nasu alamu da hannu don wasa da ita, na ruwa, na yunwa, na malama na zuwa. Wannan na ƙarshe na daɗe ban san ma'anarsa ba.

Da shekara ta ƙare, Balki na cikin waɗanda sunka wuce aji biyu. Lokacin an ƙaro mana malamai, amma ba wanda zai iya magana da ita. Mushe Kojo ya ce, "Ki hau tare da su har aji shida. Ajin farko zan ba wani, ki riƙa leƙa shi." Sau ɗaya ke nan a aikina na bar ajin farko. Muna aji uku anka kira malaman da ke da irin waɗanga yara zuwa Paraku, anka koya mana maganar hannu ta ainihi, kuma kurma ne ya koya mana, mutum mai haƙuri da yawan dariya. Na komo da ita cike da ɗoki. Balki ta karɓi wasu alamun, wasu ta yi musu dariya ta ce namu sun fi.

Mugunyar shekara ta same mu za mu shiga aji shida. Gulbi ya cika ya fasa shingen ƙasa da ke tare shi. Shinkafa ta nutse tana gab da nuna, gidajen laka sunka narke kamar sukari a shayi. Makaranta ce kawai ta tsaya, saboda tudu da siminti, sai gari duka ya kwaso ya shigo cikinta. Benci ya koma gado, wasu ma sunka koma iccen girki, kuma ban ga laifin kowa ba, mai yara da yunwa ba ya tuna benci. Littattafan da sunka jiƙe munka shanya su kan kwano ɗaya bayan ɗaya, da duwatsu a kai kada iska ta kwashe. Lokacin buɗe lakwal ya zo ya wuce, mutane na cikin azuzuwa. Mushe Kojo ya ce ba za mu kore su ba, kuma ba za mu zauna ba. Munka jingina allo a gindin tsamiya munka fara, da yaran da ba su kai rabi ba. Abin da ya maido sauran shi ne abincin rana da gwamnati ta aiko bayan ta kawo wa mutanen gari tantuna. Uwar da ba ta da abin ɗorawa a wuta ba sai an roƙe ta ba, da kanta take rako ɗanta.

A gindin tsamiyar nan Hamani ya same ni, lokacin na yi aure a garin har da ɗiya. Gidansa ya tafi, tarunsa ya tafi, kwalekwale kawai ya rage. Ya ce zai kwashi iyalinsa su bi ruwa zuwa wajen Yawuri, inda ƴan'uwansa ke su.

Ya ce, "Na zo ɗaukar Balki. Kin yi abin da ban roƙa ba, Allah ya biya ki. Amma ba ni da inda zan aje ta."

Na ce, "Baban Balki, shekara guda ta rage ta yi sartifika, jarrabawar gama lakwal. Bar mini ita. Inda ɗiyana sunka kwana nan za ta kwana, abin da sunka ci shi za ta ci."

Ya murza hularsa. Ya ce, "Mi sartifika za ta yi wa kurma?"

Na ce, "Ban sani ba. Tambaye ta."

Ya tsuguna gabanta ya nuna gulbi, ya yi alamar tuƙi. Ta dube shi, ta dafa kafaɗarsa, sannan ta nuna allon da ke jingine da icce. Ya miƙe bai sake gardama ba. Ya ce, "Amana ce, Malama." Washegari sunka tafi.

Sai da jarrabawa ta matso na tuna da shifta. Kun san yadda ake yinta: malami na karantawa yana yawo tsakanin benci, yara na rubutawa. Yaron da ya fita da hannu wofi a shifta ya shiga haɗari, komi ƙoƙarinsa a lissafi. Ni a aji ina tsayawa gabanta ta karanta bakina, amma ranar jarrabawa ba a barin malami kusa da ɗalibansa. Ni da Mushe Kojo munka hau babur sai ofishin sufeto a Malanbil. Mutumin ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Doka ta yarda a sauƙaƙa wa irinta, sai dai ba a taɓa yi ba a nan. Za mu yi. Amma ba ke za ki karanta mata ba. Baƙo zai karanta, ya tsaya gabanta kada ya motsa." Ya zaɓi Mushe Sabi, wani tsohon malami daga Gene, wanda kowa ya sani da gaskiya da tsabtar karatu. Ya kuma yarda mu kai ta su ga juna jajibirin jarrabawa.

Da munka shiga na gan shi, na san akwai matsala. Gashin baki gare shi kamar tsintsiya, ya sauko ya rufe leɓɓansa duka biyu. Duk malaman yankin sun san gashin nan, tun yana saurayi yake kiwonsa, har da ɗan mataji a aljihun gaba. Ya ɗauki littafi ya tsaya gabanta ya karanta jimla guda a hankali. Balki ta ƙura masa ido. Ya maimaita. Ta aje biro, ta juyo ta yi mini magana da hannu.

Ya ce, "Mi ta ce?"

Na ce, "Mushe, ta ce ba ta gane ba."

"Hannunta ya daɗe yana motsi. Faɗa mini duka."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ta ce bakinka na cikin ciyawa."

Mushe Kojo ya juya yana kallon taga. Shi kuwa Mushe Sabi ya rufe littafin, ya shafa gashin nan da yatsa biyu, ya dubi yarinyar ya daɗe. Ya ce, "Ku tafi. Sai gobe." Munka kama hanyar gida. Ni dai na ɗauka mun ɓata wa dattijo rai, gobe sai abin da Allah ya yi.

Da safe muna tsaye bakin ƙofar wurin jarrabawa, wani mutum ya sauko daga babur ya gaishe mu. Na amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Sai da ya sake magana na gane muryar. Mushe Sabi ne, ya aske gashin bakin tas, leɓensa na sama fari fat kamar tafin jariri. Matasan malamai masu tsaro sunka shiga tari suna kau da kai. Ya ce musu, "Ku yi dariyarku yanzu ku gama, cikin aji ba na son jin ko ɗaya." Ya juya ga Balki ya buɗe baki ya ce mata barka da safiya da Faransanci. Ta amsa masa da muryarta.

Ranar sakamako a filin makaranta anka tara mu, iyaye da yara, Mushe Kojo ya hau kan dakali yana kiran sunan waɗanda sunka ci. Na tsaya kusa da Balki da niyyar in taɓa ta in an kira ta. Ita kuwa idonta na kan bakinsa. Kafin kunnena ya gama jin sunan, ta riga ta yi tsalle ta bar ni nan da hannu a sama. Munka ba masu kwalekwale saƙo, bayan ƴan makonni Hamani ya zo da kwandon banda a kai. Ya sa ta rubuta sunansa a ƙasa da tsinke. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ashe haka nake."

Kwaleji ba ta yiwu ba, don lokacin ba malamin da zai bi ta can, kuma wannan giɓin har yau ba a gama cike shi ba. Ɗinki ta koya a nan Malanbil. Yanzu tana da shagonta bayan kasuwa da keken ɗinki uku da ƴan koyo, kuma in lokacin buɗe lakwal ya yi, kakin yara ba ya barinta ta ɗaga kai. Ciniki da rubutu take yi da wanda bai iya hannu ba.

Mushe Kojo ya koma kudu bayan shekarar nan, Allah ya saka masa. Ni na koma ajina na farko har na aje aiki. Ku kun samu abin da ba mu samu ba: ɗaki na siminti tun ranar farko, albashi daga gwamnati, sabbin gine-gine har da gangara don mai keken guragu. Na gode wa Allah da na ga wannan da idona. Amma gini ba ya koyarwa, kuma takarda har gobe cewa kawai take a karɓi kowane yaro. Ba shakka cikin waɗanda za a kawo muku bana akwai wanda ba ya ji, ko wanda ba ya gani sosai, kuma uwarsa ba za ta faɗa ba don kunya.

Hannuna ya yi nauyi yanzu, alamun sun fara zube mini. Ran Laraba da yamma, tunda ba lakwal, Balki na rufe shago da wuri ta jera benci, malamai na zuwa tana koya musu maganar hannu. Ku tafi, ku ce ni na aiko ku. Ba ta karɓar ko dala. Sai dai ku je da wuri, don wanda ya makara a waje take barinsa, kuma ko kun yi ta bugun ƙofa ba za ta ji ba.